Ruwan Kafaɗa

Shekaranjiya wani ɗan ƙanin maigidana ya zo gaishe ni nan Kaduna. Na tambaye shi ƙauyenmu, ya ce, "Hajiya, ai babu kowa. Hanyar rafi ma ciyawa ta cinye ta." Na sa aka kawo masa abinci. Sai da ya tafi abin ya zauna min a ƙirji. Jikata tana gefe da wayarta, ta ce a makaranta an ba su aiki a kan yadda addini da al'ada da yare suke cuɗanya har su zama abu guda, ta faɗi wata doguwar kalmar Turanci da na kasa maimaitawa. Na ce ni ban san sunansa ba, amma na zauna a cikinsa shekara da shekaru. Ta ce to in yi magana kawai, ita za ta danna wayar ta ɗauka.

Ni 'yar cikin gari ce, Birnin Gwari. Babana malamin zaure ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, Bagwari ne, su Gbagyi suke ce wa kansu, daga wani ƙauye can bayan Kuyello. Ya musulunta yana saurayi, da rani yakan zo wajen babana ɗaukar karatu, ruwa ya sauka ya koma gona. Nan muka ga juna. Ba wanda ya tura ni, ni na ce ina so, har yayyena suna min tsiya wai zan koyi karyawa da doya. Lokacin ba a daɗe da tafiyar Turawa ba. Aka kai ni a bayan motar katako har inda hanya ta ƙare, daga nan muka taka.

Dajin nan da yanzu in an ambace shi sai gaban mutum ya faɗi, mu a lokacin shi ne kasuwarmu. Kaɗanya, ɗorawa, zuma, itace, ganyen magani, duk can. Mace ita kaɗai za ta shiga tsintar kaɗe tun rana ba ta yi zafi ba, abin da za ta ji tsoro bai wuce maciji da goggon biri ba. Safiyar ƙauyen kuwa har yau tana kunnena. Za ka fara jin liman, wani tsoho mai siririyar murya, ba lasifika, in iska ta juya ma sai ka rasa rabin kiran. Sai zakaru. Sai turame su ɗauka, gida ya amsa wa gida. Ranar Lahadi kuma wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin tsamiya, shi ake bugawa a taru a coci. Da Hausa suke waƙoƙinsu, kuma Allah suke cewa, Ubangiji suke cewa, har na kan tsinci kaina ina bin amshin ina tankaɗe, sai in yi sauri in yi istigfari. Yanzu nan unguwarmu lasifika huɗu ke kira lokaci guda, coci biyu na kiɗa, amma ban san sunan maƙwabciyata ta bayan katanga ba.

A gidan, mu uku ne: ni, maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Ƙanwarsa Ladi tana aure a gidan da ke jikin dangarmu. Ita ta bi coci, ita da mijinta. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Akuyar Kirsimeti maigidana ake kira ya yanka don kowa ya ci. Da azumi Ladi ce ke dama mana kunun tsamiya, tana miƙo shi ta kan danga tana cewa, "Matarmu, karɓi, kar ki sume ki ja mana magana." Dama tsakanin mace da ƙanwar miji akwai wasa, ita kuwa Ladi ta riƙe shi hannu biyu.

Iya fa ita ce ban san inda zan ajiye ta ba. Ta bi ɗanta ta musulunta da tsufanta, tana sallah, ko da yake raka'o'inta Allah kaɗai ya san adadinsu. In ta gama Fatiha sai ta zarce da Gwaranci, tana kiran Shekwo, sunan Allah ke nan a yarensu, tana ba shi labarin ciwon gwiwarta da kazarta da ta ɓata kamar mai hira da maƙwabci. Ranar godiyar kaka a coci za ta ɗaura sabon zane ta bi Ladi, ta zauna a baya. In an girbe dawa, dami na farko wajen liman, amma kafin ya fita daga gidan sai ta zare zangarniya guda ta kai gindin wani dutse a bayan rumbu, inda ta ce uwarta ma nan take kaiwa. Bafulatanar da ke kawo mana nono in ta shigo, su biyun za su yi ciniki da Hausa rabi, Fulatanci kaɗan, Gwaranci kaɗan, sauran da hannu, kuma ba su taɓa rasa fahimtar juna ba. Hausar Iya ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" take ce min. A nan zan miƙar da maganarta don a gane, amma ku sani ba haka take fita ba. Sunana kuwa ban taɓa ji a bakinta ba. Bahausa, shi ke nan.

To ga inda matsalar take. Matan Gwari ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, can wajen bayan wuya, su ɗan duƙa su tallafe da hannu. Itace, doya, tulun ruwa, komai. Ni kuwa tun ina 'yar shekara biyar da gammo na tashi. In na ɗora tulu a ka, ina iya sakin hannu in yi tafiya ina tsinkar ɗanyen kuka ba ɗigo ɗaya. Ranar da na fara zuwa rafi, na dawo ina taƙama, na juye a randar tsakar gida, na cika moɗa na durƙusa na miƙa wa Iya. Ta dubi ruwan, ta dubi gammon da ke hannuna, ta ce ta ƙoshi. Washegari haka. Jibi haka. Sai na lura tana da 'yar randarta a ɗaki, kullum da safe Ladi ce ke zagayowa ta cika mata. Tuwona tana ci, wai wuta ta shiga tsakani. Amma ruwan sha, in dai a kaina ya zo, ko kurɓa. Ban ce duk Gwari haka suke ba, na san gidajen da ba ruwansu. Wannan dokar Iya ce.

Na yi wa maigidana ƙorafi, ya ce, "Ƙyale ta, tsufa ne." Na ce me na yi mata? Ya ce ba abin da na yi. Ita kuma ba zan iya tambayarta ba, surukuwa ce, ko ido ba na haɗawa da ita. Sai na yanke wa kaina hukunci: ƙyamata take yi, ba ta karɓe ni ba. Ga kuma wani abu da ya ƙulle ni. Ranar da za a kai ni, babana ya kira ni zaure ya ce, "Ki ci abincinsu, ki koyi yarensu, ki girmama uwar mijinki. Amma duk abin da kika ji don dodo ake yi, kar ki sa hannu." Ni kuwa tun da na ga zangarniyar nan a gindin dutse, sai na haɗa komai wuri guda. Na ce wannan kafaɗar ma tsafi ce. Don haka ko sau ɗaya ban gwada ba. Shekara biyu muna haka, gida ɗaya, randa biyu.

Sai wata bazara mai zafi, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Rafi ya janye, sai an tona yashi a jira ruwa ya taru a ɗiba da ƙoƙo. Maigidana da sauran maza sun shiga daji sassaben sabuwar gona, tafiyar yini, sun ce sai bayan kwana biyar. Kwana biyu da tafiyarsu zazzaɓi ya kwantar da Iya. A ranar kuma da hantsi Ladi ta haihu, haihuwar ta ba ta wuya, ko tsayuwa ba ta iya yi. Kafin la'asar randar Iya ta ƙafe.

Na cika moɗa daga tawa randar na shiga. Jikinta kamar garwashi, leɓenta ya tsage. Na ce, "Iya, ga ruwa." Ta juya fuska bango. Na dama kunu, ta sha ludayi biyu ta dawo da shi. Ruwan sanyi jikinta ke so. Na tuna zancen wuta, na tafasa ruwan na bar shi ya huce na kai. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Bahausa, wayo." Wata maƙwabciya ta ce bari ta ɗebo mata. Da Iya ta ji sai ta yunƙura ta ce kar wanda ya shigo mata da tulun wani gida, ai ba a mutu ba a gidanta, akwai mace. Ni a lokacin abin da na ji shi ne: ba za ta sha nawa ba, kuma ba za ta bari a rufa min asiri ba.

Washegari da sassafe na yi dabara. Na je rafi, na cika tulu, na ɗora a ka kamar kullum. Sai da na zo bayan dangarmu, na duba ba kowa, na sauke, na jefar da gammon cikin ciyawa, na ɗaga tulun da ƙyar na aza a kafaɗa. Taku goma ne zuwa ƙofar ɗakinta. Na shiga ina nishi don ta ji, na juye a randarta, na miƙa mata moɗa. Ta karɓa. Wallahi sai da zuciyata ta yi tsalle. Ta kai kusa da baki, sai ta tsaya ta ce, "Matso." Na matsa. Ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kaina. Ɗankwalina ya lotsa, ga danshi. Ta shafa kafaɗata, a bushe ƙamas. Ta ajiye moɗar a ƙasa a hankali, ta ce, "Ki ba kaji." Ta koma ta kwanta.

Ban gama jin kunyar wannan ba sai ga sallamar Bafulatana. Da rani nono ba yawa, ɗan kaɗan ne a gindin ƙwarya. Ina kallo ta sauke ƙwaryar daga kanta, daga kanta fa, ta ɗebi ludayi guda ta ba Iya, Iya ta shanye. Ludayi ɗaya cikinta ya iya riƙewa, amma ta sha. Ni ban san lokacin da na zagaya gidan su Ladi ba, ina tafe ina kuka.

Ladi tana kwance, jariri a gefe, ɗakin duk warin hayaƙi da man kaɗe. Ta ce, "Matarmu, wa ya mutu? In mijinki ne ki faɗa min in fara neman miki wani."

Na ce, "Uwarki za ta kashe kanta don kar ta sha ruwana."

"Tun yaushe rabonta da ruwa?"

"Tun jiya da azahar."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta yunƙura za ta tashi, ta kasa, ta koma. Na ce mata ni na gaji, in ba ta so na a gidan a faɗa min in koma gidan ubana. Na ba ta labarin dabarata, na ba ta na Bafulatana. Na ce, "Kan Bafulatana ya fi nawa tsarki ne?"

Duk da ciwo sai da Ladi ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Kika jefar da gammo? Iya da ke gane kazar da ta sha mata tsaki ta sawun ƙafa? 'Yar Malam, karatun naki bai kai nan ba." Sannan ta ce, "Bafulatana matar ɗanta ce?"

Na ce a'a.

"To ina ruwan Iya da kanta? Ko dutsen niƙa ta ɗora, kanta ne. Mu ne ba ta yarda mu ɗora ba. Ni, da yayata da ta rasu, da duk macen da ta ce tata ce. Ina ƙarama na taɓa kwaikwayon 'yan cikin gari na ɗora ƙwarya a ka, kwana biyu ba ta karɓi komai a hannuna ba. Ke shekara biyu tana miki abin da take wa 'ya'yanta, kina nan kina cewa ba ta son ki."

Can na ce, "To ba sai ta faɗa ba?"

"Ke kin tambaya? Ke kunya, ita girman kai. Ni kuma da na ce zan koya miki, me kika ce min?"

Na tuna. Wata biyu da zuwana ta taɓa cewa in zo ta nuna min, na ce Allah ya kiyaye. Na sunkuyar da kai na ce, "Ladi, tsakaninki da Allah, abin nan ba na dodo ba ne? Ke ma ai kin bar wannan hanyar."

Ta ce, "Na bari. Amma kan da aka zuba wa ruwan baftisma ba zan ɗora masa itace ba. Ni nawa dalilin ke nan. Nata kuwa, je ki ji daga bakinta. Ki yi sauri, rana na yi."

Ban taɓa zama a bakin gadon Iya ba sai ranar. Na zauna, idona a ƙasa, na ce, "Iya, zan yi rashin kunya. Babana ya hana ni duk abin da ake yi don dodo. Ki faɗa min gaskiya, in na ɗauka a kafaɗa, wa na yi wa?"

Muryar da ta fito kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ta ce, "Dodo yana da nasa. Giya yake so da jan zakara, me zai yi da kafaɗarki? Uwata ta ce min kai shi ne sarkin jiki. Shi ke tunani, shi ke gani, shi ke ji. Ba a mai da sarki jaki. Haka na taso. Da ɗana ya zo da sallah ya ce in sa goshi a ƙasa, na ce ƙasa kuma? Ya ce ba ƙasa kike ba wa ba, Shekwo kike ba wa. Na ce to, ashe uwata ta san abin da take ajiye wa kan." Ta huta. Ta ce, "Ke kin fi kowa sallah a gidan nan. Ina jin ki tun duhu. Kan da kike kai wa Allah sau biyar, shi kike ɗora wa tulu. Ni in sha? In na sha na ce ya yi daidai ke nan."

Na ce, "Iya, innata ma tana sallah, kuma a ka take ɗauka."

Ta ce, "Innarki tana da uwar mijinta. Ni ke aka kawo min."

Ba zan ce ta ci ni da hujja ba. Ko a lokacin na san babu wannan a littafin babana, kuma na san a gurinta maganar uwarta da maganar sallah sun riga sun narke sun zama ɗaya, ba mai raba su. Abin da na auna shi ne: ba a ce in yi yanka ba, ba a ce in kira wani ba Allah ba. Tsohuwa ce ke mutuwa da ƙishi saboda tana ganin kaina ya fi ƙarfin tulu. Na ce a raina in laifi ne Allah ya gani. Na tashi na zubar da ruwan safe a gindin gwanda, na ɗauki tulu.

Rana tana tsaka. A rafi na tarar da mata uku suna jiran ramin yashi ya taru. Da suka ga na cika na tsaya ina juya tulu ban naɗa gammo ba, sai suka bar abin da suke yi. Na ɗaga na aza a kafaɗar hagu, na miƙe zumbur kamar yadda na saba. Taku uku, tulun ya zame ta baya ya fashe a kan dutse. Suka kwashe da dariya, ɗaya har da zama a yashi. Babbarsu, wata mai tsagar fuska, ta ce, "Bahausa, tsayuwar sarauniya kike yi. Wannan aikin sai an rusuna." Ta juye nata tulun a masaki ta ba ni aro. Ta ninke tsumma ta sa min can kusa da wuya, ta danna bayana na duƙa, ta kama hannuna ta nuna min inda zan tallafa. Ta tsinko ganye ta watsa a kan ruwan don kar ya yi ta tangaɗi. Ta ce, "Kar ki kalli gaba, kalli inda ƙafarki za ta sauka." Na ce ko za ta raka ni. Ta ce, "In na raka ki tsohuwar za ta ce ni na ɗauko."

Hanyar da nake yi ina waƙa, ranar sai da na huta sau shida. Duk hutawa sai na nemi kututture ko dutse mai tsayi in jingina tulun, don na san in na sauke ƙasa ba mai ɗora min. Ruwa na bin wuyana yana gangara ta baya har zane. Wuyan kamar ana sa masa wuta. Wajen wata ɗorawa na tsaya na yi tunanin in mai da shi ka, in yi sauri, tsohuwa na can tana jira, in ya so ta yi fushi. Hannuna har ya fara ɗagawa. Sai na tuna ba za ta sha ba, saurin na banza ne. Na ci gaba da jan ƙafa. Yaran ƙauye suka biyo ni a baya suna kwaikwayon tafiyata, ban da ƙarfin korarsu.

Da na shiga ɗakin, abin da ya rage bai kai sulusin tulu ba. Na durƙusa da shi a kafaɗa don ban san yadda ake saukewa ba, sai da na jingina da bango na zame a hankali. Na tsame ganyen, na cika moɗa. Iya ba ta ce in matso ba. Ta dube ni dai, zanena sharkaf, wuyana a karkace. Na tallafo kanta. Ta ce bismillah. Sannan ta karkata moɗar ta ɗiga ɗigo uku a ƙasa, ta yi wata magana da Gwaranci ƙasa-ƙasa. A lokacin na fara jin yaren, na gane uwarta take gaya wa: ga ruwan matar ɗana, ki ɗanɗana. Na ce a raina wannan kam ban san hukuncinsa ba. Amma hannuna yana ƙarƙashin kanta, ban janye ba. Ta sha. Ina jin ruwan na sauka a maƙogwaronta, ƙwat, ƙwat. Ta shanye, na ƙara, ta shanye. Ta uku ta sha rabi ta zuba sauran a tafin hannu ta shafa a fuska, ta shafa min a kafaɗar, inda fata ta saluɓe.

Na jira in ji abin da za ta ce. Shekara biyu nake jiran wannan maganar. Ta leƙa cikin tulun, ta ce, "Wannan tulun ba namu ba ne."

Na ce namu ya fashe.

Ta ce, "Na uwata ne fa." Ta rufe ido. Can ta ce, "Ni uku na fasa kafin in iya. Ruwan ya yi kaɗan, Bahausa. In rana ta yi sanyi ki koma."

Na koma. Washegari ma na koma, har da na mai jego. Zazzaɓin ya sake ta kafin maza su dawo. Maigidana ya shigo ya gan ni ina tahowa a duƙe da tulu, ya tsaya baki buɗe, Iya ta ce masa ya matsa ya ba mutane hanya. Randar ɗakinta kuwa da kanta ta mirgino ta waje ta zuba kalwa a ciki. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara tare, daga randa ɗaya. Ni na yi mata wanka da ta rasu, Ladi na zuba min ruwa. Liman ya yi mata sallah, 'yan coci suna tsaye a baya da hulunansu a hannu, bayan kwana biyu kuma na ga zangarniya a gindin dutsen nan, ban tambayi wanda ya kai ba.

Yanzu in na faɗi irin wannan a gidan biki, wasu su ce Hajiya ai wannan shirka ce, wasu su ce a'a zaman lafiya ne. Ni ban iya yanke musu ba. Na je Makka na roƙa wa Iya gafara, na roƙa wa kaina. Ruwa kuma yanzu famfo ne, in an ɗauke sai mai kura ya turo jarkoki har ƙofa, ba wanda zai tambayi ta inda ya biyo.

Amma duk sanda na je ɗinki, tela in ya zo auna ni sai ya ce, "Hajiya, ki ɗan miƙe, kafaɗarki ta hagu ta sauka." Nakan ce masa ya auna haka. A miƙe nake.